Daga Bilbao Zuwa Hondarribia: Yadda Na Bi Gaɓar Tekun Bask

Wanda ya dubi taswira zai ɗauka gaɓar tekun ƙasar Bask, a arewacin Sifaniya, abin gamawa ce a yini guda. Tsakanin Bilbao da San Sebastian, wadda 'yan ƙasa ke kira Donostia, kusan kilomita 100 ne, bas kuma yakan cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. To amma babbar hanyar ta bayan duwatsu take ratsawa, abin da ya kawo ka kuwa yana can ƙasa a garuruwan masunta. Da na bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya, abin da na fi amfana da shi shi ne jadawalin cika da janyewar teku. Shi nake fara dubawa kowace safiya kafin jadawalin jirgin ƙasa.

A wannan gaɓa teku kan cika sau biyu, ta janye sau biyu a kwana ɗaya. Tsakanin janyewa da cika awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara gaba da kusan minti 50. A jadawalin za ka ga an rubuta bajamar, wato lokacin da ruwa ya kai ƙarshen janyewa, da pleamar, lokacin da ya cika maƙil. Bambancin tsayin ruwan kan kai mita 4 idan abin ya yi ƙarfi. Mai lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: ruwa ya fi janyewa nesa a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida gare shi, kuma a irin waɗannan ranaku janyewar kan faɗo ne tsakanin hantsi da tsakar rana. Su ne ranakun da ya kamata ka ware wa garuruwan Zumaia da Lekeitio.

Na fara daga Bilbao don a nan jirgin sama ya fi sauka. Gidan tarihi na Guggenheim, wanda Frank Gehry ya zana aka buɗe a 1997, shi kowa ya sani. A ganina jikin ginin daga waje, da yadda fallayen ƙarfensa ke sauya launi a bakin kogi, ya fi abin da ke ciki cancantar lokacinka idan kwanakinka kaɗan ne. In ba a tsakiyar lokacin zafi ba, yawanci a rufe yake ran Litinin. Wurin da na fi so a wannan yanki shi ne gadar Bizkaia, tsakanin Portugalete da Getxo, can inda kogin ke shiga teku. An buɗe ta a 1893. Dogayen ginshiƙan ƙarfe ne a gefe biyu, an gitta musu wata gada a sama kimanin mita 45, daga nan aka rataye wani babban akwaku da igiyoyin ƙarfe, yana ɗaukar mutane da motoci yana ƙetarawa da su cikin minti ɗaya da rabi. An yi ta haka ne don manyan jiragen ruwa su wuce ba tare da an tare musu hanya ba, har yau kuma ma'aikata da 'yan makaranta ke hawanta kullum. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na kai ka gefe biyun, tashar Areeta a dama, ta Portugalete a hagu. Tikitin ƙetarawa kuɗi kaɗan ne, na hawa lif ka taka gadar sama kuma daban ake saye.

Katin Barik shi ne na biyan kuɗin bas da jirgi a lardin Bizkaia, inda Bilbao take, na lardin Gipuzkoa, inda Donostia take, kuma sunansa Mugi. Ka sayi ɗaya ka zuba masa kuɗi, ya fi sayen tikiti ɗai-ɗai arha nesa ba kusa ba.

San Juan de Gaztelugatxe, tsakanin Bakio da Bermeo, wani tsibirin dutse ne da aka haɗa da gaɓa da siririyar gadar dutse, a ƙololuwarsa akwai ƙaramar majami'a. Kowa na ambaton matakalansa 241, amma ba su ne ke karya mutum ba. Daga inda motoci ke tsayawa sai ka gangara doguwar gangara mai tsauri kafin ka kai gadar, kuma wannan gangara ita za ka hau a dawowa, bayan gwiwa ta riga ta gaji. Ka ware awa biyu, ka riƙe ruwan sha, ka sa takalmi mai kama ƙasa. Shiga kyauta ne, amma a lokacin cunkoso sai ka yanki tikiti ta intanet da sa'ar da za ka shiga, kuma na safe kan ƙare da wuri. Na ga mutane sun iso ƙofa hannu rabbana an mayar da su. Idan aka yi ruwa mai yawa ko iska ta tsananta, akan rufe hanyar, saboda haka ka duba kafin ka taso.

Daga Bermeo jirgin ƙasa na Euskotren na bin gefen fadamar Urdaibai zuwa Gernika, ta Mundaka inda masu hawan igiyar ruwa ke taruwa. Ka zauna gefen da ke kallon ruwa. Gernika ba a bakin teku take ba, amma ban ga dalilin tsallake ta ba. Ran Litinin 26 ga Afrilu 1937, ranar kasuwar garin, jiragen yaƙin Jamus da Italiya masu taimakon Janar Franco a yaƙin basasar Sifaniya suka yi mata ruwan bama-bamai. Har gobe Litinin ce ranar kasuwar, manoma na kawo wake da barkono da cuku. Tunda Guggenheim a rufe yake ran nan, Litinin ɗinka ta samu wurin zuwa. Ka leƙa zauren majalisar gargajiya da itacen da shugabannin Bask ke rantsuwa a gindinsa.

Lekeitio ne wuri na farko da teku za ta nuna maka ikonta. Gaban garin akwai tsibirin Garraitz, wanda ake kuma kira San Nikolas, idan ruwa ya janye wata hanyar dutse kan fito fili a taka zuwa can. Na kama hanyar kamar awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, na juyo jim kaɗan bayan ruwa ya fara dawowa. Dutsen yana da gansakuka mai santsin gaske, takalmin roba na wanka ba ya riƙe ƙafa a kai. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne daga saman tsibirin ba a ganin sanda ruwa ya fara lasar hanyar, kuma a daidai wurin kogin Lea ke shiga teku, ruwan yana da ja.

Zumaia kuwa ita ce dalilin da zai sa in sake komawa. Daga tashar jirgi tafiyar kusan minti ashirin ce a ƙafa zuwa majami'ar San Telmo da ke kan gaɓa, a ƙarƙashinta yashin Itzurun. Duwatsun wurin falle-falle ne, mai tauri na bin mai laushi, suna tsaye a karkace kamar allunan almajirai da aka jingina a bango. Asalinsu laka ce da yashi da suka kwanta a ƙasan teku cikin miliyoyin shekaru, daga baya motsin ƙasa da ya tayar da duwatsun Pirenis ya ɗaga su tsaye. Teku na cinye mai laushin ta bar mai taurin, shi ya sa idan ruwa ya janye za ka ga dogayen layuka sun miƙe cikin teku. Na durƙusa na sa hannu a kai: wani fallen bai fi kaurin yatsa ba, wani ya kai kamu guda, wasu na ɗauke da sawun ƙananan halittun da suka yi rarrafe cikin lakar tun tana ɗanya. A lungun Algorri, gaba kaɗan da San Telmo, akwai wani siririn layi mai duhu wanda masana ke dangantawa da shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani dutse daga sararin samaniya ya faɗo duniya halittu masu yawa suka ƙare. Ba tare da ɗan jagora ba da wuya ka gane shi, don haka kuɗin jagora a nan ba asara ba ne. Wurin a ƙarƙashin kariya yake, an hana fasa dutse ko ɗaukarsa. Kada kuma ka zauna a gindin gaɓar neman inuwa, ɓaraguzai na zubowa daga sama, musamman bayan ruwa.

Mai ƙarfin gwiwa zai iya takawa daga Deba zuwa Zumaia, kusan kilomita 15 na hawa da sauka, ta Sakoneta inda shimfiɗar dutsen ta fi faɗi. Garuruwan biyu duk suna da tashar jirgi, saboda haka dawowa ba matsala. Ka daidaita tafiyar yadda za ka isa Sakoneta ruwa na janye, in ba haka ba teku kawai za ka gani.

Jirgin ƙasa ba ya shiga Getaria. Na sauka a Zarautz, na bi hanyar ƙafa da ke gefen teku, kimanin kilomita 4, shimfiɗaɗɗiya ba hawa. Getaria garin Juan Sebastian Elkano ne, wanda ya kammala zagaye duniya da jirgin ruwa a 1522, kuma a nan aka haifi shahararren tela Cristobal Balenciaga a 1895, akwai gidan tarihinsa. Amma abin da ke cika lungunan garin shi ne ƙamshin gasasshen kifi. Murhunan gawayi a waje suke, jikin bangon gidajen abinci. Mai gasawa kan sa kifi sukutum cikin ragar ƙarfe mai siffarsa, ya barbaɗa gishiri, yana juyawa yana yayyafa masa mai da ruwan tsami har fatar ta yi ƙyalli. Da kilo ake sayar da shi, farashin da ke rubuce na kilo ɗaya ne. Ka tambayi nauyin kifin kafin a ɗora shi a wuta.

Batun abinci yana buƙatar sa ido ga Musulmi. Ƙananan lomomin nan da ake kira pintxos, waɗanda ke jere a kantunan tsohon garin Donostia, da yawa akwai naman alade a ciki ko a ƙarƙashi, kuma wuraren da ake sayar da su mashaya ce. Jamon, chorizo, txistorra da panceta duk alade ne. Wasu miyagun kifi da kaguwa ana zuba musu giya wajen dahuwa, sai ka tambaya. Gasasshen kifi, wainar ƙwai da dankali, da bacalao al pil-pil, wato kifin gishiri da aka dafa da man zaitun da tafarnuwa, su suka riƙe ni. Mahautan halal da masallatai na same su a unguwar San Francisco ta Bilbao. Gidajen abinci na ba da na rana ne daga wajen ƙarfe ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, na dare sai bayan takwas, tsakani kuwa murhu a kashe yake. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai dab da ƙarfe goma na dare, ka san yadda za ka tsara magariba da isha'i.

A Donostia, jirgin da ke hawa dutsen Igeldo tun 1912 zai kai ka inda za ka ga mashigin La Concha gaba ɗaya da tsibirin Santa Clara a tsakiya. A gindin dutsen akwai ƙarafan ado da mai sassaƙa Eduardo Chillida ya kafa cikin duwatsu a 1977. Nan kam sai ruwa ya cika kuma teku na tumbatsa, don a sannan ne iska da feshi ke fitowa da ƙugi ta ramukan da aka huda a daɓen. Garin na samun ruwan sama sama da milimita 1,500 a shekara, sau da yawa yana zuwa ne a yayyafin da suke kira sirimiri. Rigar ruwa ta fi lema amfani saboda iska. Idan ka ga jar tuta a bakin yashi, an hana shiga ruwa ke nan, lambar gaggawa kuma 112 ce.

Daga yashin Zurriola akwai hanyar ƙafa ta kan dutsen Ulia, wajen awa biyu, da ke sauke ka a Pasaia, inda ɗan ƙaramin kwale-kwale ke ƙetarawa da mutane zuwa unguwar Donibane mai titi ɗaya tal. Hondarribia ce ƙarshen ɓangaren Sifaniya: tsohon gari mai ganuwa a sama, unguwar masunta mai barandun katako masu launi a ƙasa. Kwale-kwale na ƙetara kogin Bidasoa zuwa Hendaye ta Faransa cikin 'yan mintuna, daga can jirgin ƙasa zai kai ka Saint-Jean-de-Luz da Biarritz. Bizar Shengen ɗaya ta isa ƙasashen biyu, amma 'yan sandan Faransa na yawan duba takardu a wannan iyaka, don haka fasfonka na ainihi ya kasance a jikinka, hoton da ke cikin waya ba ya wadatarwa.