Asabar a Glasgo, da ciwon kafaɗa

Tun asuba ake yayyafi, irin na garin nan da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa. Na so in kwanta in yi ta juyi a bargo, amma ƙawata 'yar ajinmu ta matsa sai na raka ta wasan badminton. Na ce mata ni rabona da wasan gudu tun 'yar gala-gala a tsakar gida. Ba ta saurare ni ba.

Ashe ƙwallon nan ta gashin tsuntsu muguwa ce. Ka ɗaga raket ka dake ta da iya ƙarfinka, ta tashi kamar harsashi, sai ta yi sanyi ta faɗo inda ba ka zata ba. Gashi 16 ne a jikinta, na ƙirga da na gaji na zauna. Minti 20 kacal na yi, kafaɗata har yanzu tana zogi.

Ina zaune ina haki wata dattijuwa mai koyar da yara ta zo kusa da ni, hira ta kai mu kan Imogen Bankier, 'yar wasan badminton 'yar garin nan, haihuwar 1987. Yadda matar take ba da labarin, ka ce 'yar cikinta ce. A 2011 Bankier da Chris Adcock ɗan Ingila suka shiga gasar duniya a Wembley, wasan bibbiyu na mace da namiji, ba wanda ya sa su a lissafi. Suka yi ta kayar da manya har wasan ƙarshe, inda Zhang Nan da Zhao Yunlei na ƙasar Sin suka tare su. Azurfa suka samu. Shekara ta zagayo, Olamfik ta Landan, a wannan zauren dai, aka cinye su duk wasanni ukun rukuni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ta yi bayan nan. Ta tattara kayanta daga sansanin horon Birtaniya da ke Milton Keynes ta dawo gida Sukotland. Can ne kuɗi da masu horarwa suke, amma ta bari. Ta haɗu da Robert Blair, wanda ya daɗe yana buga wa Ingila kafin shi ma ya dawo, suka ci tagulla a gasar ƙasashe renon Ingila ta 2014, a nan Glasgo, a gaban mutanensu. Zinaren kuwa tsohon abokin wasanta Adcock ne ya ɗauka tare da matarsa Gabby. Ban san me ya sa wannan ya ɗan sosa mini rai ba. Ba ta jira Olamfik ta Rio ba, ta ajiye raket tun ba ta kai 30 ba, ta tafi Faris kasuwanci. Shagon barasar wiski, wai. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A hanyar dawowa bas ta bi ta gaban Emirates Arena inda aka yi wasan tagullar, daura da filin Celtic, kulob ɗin ƙwallon ƙafa da mahaifin Bankier ya shugabanta. Ƙarfe huɗu bai cika ba gari ya yi duhu.

Bayan isha'i Umma ta kira.

"Auta, wai yaushe za ki gama ki dawo mana ne?"

"Umma, saura wata takwas in Allah ya yarda. Amma malamina na so in tsaya in ci gaba."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Na san wannan shirun.

Takardar neman gurbin tana buɗe a kwamfuta tun Laraba, ban cike ko layi ɗaya ba. Na shafa man zafi a kafaɗa. Ƙawata ta turo saƙo wai mako mai zuwa ma za mu je, ban ba ta amsa ba tukuna.