Gwajin hasashen tsadar kaya: inda aiki ya tsaya

'Yan'uwa masu koyo, ga inda na kai a gwajin lissafin da zai yi hasashen hauhawar farashi a Ghana. Na sauke alƙaluman hauhawar farashi na wata-wata daga Hukumar Ƙididdiga ta Ghana, na yanka su a Disamba 2019. Na kafin nan su na ba lissafin ya koya, na bayansa na ɓoye masa. Sai in sa shi ya faɗi na watan gaba, in buɗe amsar gaskiya, in rubuta tazarar da ke tsakani, in ƙara masa wata guda, haka har ƙarshen 2023.

Lissafi uku na kara da juna. Na farko rago ne, cewa kawai yake watan gobe zai zama kamar na yau. Na biyu yana bin matsakaicin watanni 12 da suka wuce. Na uku na haɗa masa da farashin dala.

A 2021 da kyar aka ka da ragon nan. Don Allah kowa ya fara auna lissafinsa da shi kafin ya yi murna.

2022 ce ta tone asirin kowa. Hauhawar ta tashi daga kashi 12.6 a Disamba 2021 zuwa 54.1 a Disamba 2022, alhali burin Babban Bankin Ghana kashi 8 ne, sama ko ƙasa da 2. Mai bin matsakaici aka bari can baya. Mai dala ya fi su hango tashin, tunda sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi daga wajen 6 zuwa kusan 15 kan dala ɗaya a hannun 'yan canji a Nuwamba. Amma da sidi ya farfaɗo a Disamba, sai mai dalar ya ce kaya za su sauka nan take, kuma ba su sauka ba. Duk mai cefane a kasuwar Nima ta Accra ya san dalili: Hajiyar da ta saro shinkafa da man girki lokacin tsadar dala ba za ta karyar ba sai kayan sun ƙare.

Shi ya sa yanzu nake raba faɗuwar sidi da farfaɗowarsa, kowanne da nasa nauyi. Masu son komawa baya sosai, ku kula: a 2019 an sauya shekarar da ake auna farashi da ita zuwa 2018, kuma farashin dala na kafin Yuli 2007 sai an raba shi da 10,000.