Ƴar'uwar Giginya a Tsibiran Seychelles

A tsibiran Praslin da Curieuse na ƙasar Seychelles kaɗai ake samun kurmin asali na itaciyar coco de mer, wadda dangin giginyarmu ce, kuma kamar giginya, akwai namiji akwai mace. Ƙwallonta ya fi na kowane tsiro girma a duniya, kuma sai ya shekara 6 zuwa 7 kafin ya nuna. Wannan jinkiri ne ya fi damuna, domin ɓarawon da ya tsinke ɗanyen ƙwallo cikin dare ɗaya ya salwantar da aikin shekaru. A 1983 UNESCO ta sanya kwarin Vallée de Mai, wani kurmin wannan itaciya da ke tsibirin Praslin, cikin wuraren gado na duniya, gwamnati kuma tana yi wa kowane ƙwallon sayarwa rajista da lamba.