Kafin ka sayi ram, buɗe kwamfutar ka karanta

Ƙannena masu shiga harkar kwamfuta, musamman ku da kuka yi ta tari har kuka sayi kwamfutar tebur ta hannu don buɗe shagon buga takardu ko koyon zane: ranar da ta fara nauyi, duk wanda ya leƙo zai ce muku "a ƙara mata ram". Shawarar ba laifi. Sai dai mai ba da ita ba ya faɗin wane iri, kuma a nan ne kuɗin mutane ke narkewa. Nawa sun narke a nan, shi ya sa nake so ku ji yadda aka yi.

Ram kamar teburin tela yake. Yadin da ke cikin kabad yana nan a ajiye, amma wanda ake yankawa yanzu sai an shimfiɗa shi a kan tebur. In teburin ƙarami ne, tela zai yi ta naɗe wannan yana ɗauko wancan, aiki ya ƙi gaba. To kabad ɗin shi ne had dis ko SSD (ma'ajiyar fayiloli ke nan, SSD ɗin ya fi had dis sauri), teburin kuma ram. Da an ɗauke wuta, duk abin da ke kan ram ya tafi.

Farkon asarata ta zo ne daga tunanin cewa ram ram ne, bambancin kawai yawan giga. Na shiga kasuwa na ce a ba ni giga 4, aka miƙo, na biya. Da na zo sakawa sai na ga giɓin da ke tsakanin haƙoransa bai yi daidai da ɗan tudun da ke cikin gurbin ba. Na juya shi, bai zauna ba. Maimakon in tsaya, sai na sa ƙarfi, har ɗaya daga cikin 'yan kunnuwan da ke riƙe shi ya ɓalle. Ashe ram zubi-zubi ne, daga tsoho zuwa sabo: DDR2, DDR3, DDR4, DDR5. DDR3 na sayo, injin kuwa DDR2 yake ci. Abin da ya rufe ni shi ne dukansu haƙora 240 gare su, tsawonsu ɗaya, in ka ajiye su gefe da gefe ba ka lura ba sai ka ce tagwaye ne. Wurin giɓin ne kaɗai ya sha bamban, kuma da gangan aka yi haka, domin wutar da suke sha ba ɗaya ba ce: DDR2 bolt 1.8, DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2, DDR5 bolt 1.1. Haka DDR4 da DDR5 suke, haƙora 288 kowanne, amma wannan ba ya shiga gurbin wancan. In ram ya ƙi zama, ba ƙarfi yake nema ba.

Abin haushin, amsar tana rubuce a jikin tsohon ram ɗin da ke cikin injin, ban dai karanta ba. A jikin ram galibi akwai 'yar farar takarda a manne, misali za ka ga rubutu kamar haka: 4GB 1Rx8 PC3-12800U. PC3 na nufin DDR3, PC4 kuma DDR4. Lambar 12800 in ka raba ta gida 8 za ta ba ka 1600, saurinsa ke nan. PC3-10600 kuwa shi ne mai saurin 1333. A kan DDR4 galibi kai tsaye ake rubuta saurin, kamar PC4-2400 ko PC4-2666. In ka ga L bayan PC3, wato PC3L, wannan mai shan bolt 1.35 ne. Ɗauki hoton takardar da wayarka kafin ka fita. In da hali ma, cire ram ɗin ka naɗe shi a takarda ka tafi da shi.

Amma harafin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na ƙarshe. U na nufin na kwamfutar tebur ta yau da kullum. S na laftof ne, gajere. R kuwa na manyan injinan saba ne, waɗanda kamfanoni ke ajiye bayanai a kai. Wata rana wani mai shago ya nuna mini giga 8 a farashin da bai kai na giga 4 ba. Sanda ce mai kyau, cike da 'yan baƙaƙen ƙwayoyi gaba da baya, har da wata ƙarama a tsakiya. Na kwashi biyu ina murna na yi tsuntuwa. Suka shiga gurbi daram, domin giɓinsu ɗaya da na DDR3 na gida. Na kunna, fanka ta tashi, allo baƙi ƙirin, sai kukan ƙit-ƙit-ƙit daga ciki. PC3-10600R ne. Ana cire irinsu da yawa daga tsofaffin saba a ƙasashen waje, shi ya sa suke arha, kuma bod ɗin kwamfutar ofis, wato babban faifan da ake dasa ram da sauran kayan a kai, ba ya karɓar su. Araha dai ba ta ado. Haka in ka ga an rubuta cewa ram ɗin na AMD ne kaɗai, kuma injinka Intel ne, wuce abinka (AMD da Intel kamfanoni ne masu ƙera furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin).

Kada kuma ka yanke hukunci da kallon furosesa kaɗai. Ana cewa Intel na zubi na 2 zuwa na 4 DDR3 suke ci, daga na 6 kuma DDR4, kuma galibi haka ne. Amma duba Dell OptiPlex 3040 da 7040: zamaninsu ɗaya, furosesansu zubi na 6, alhali 3040 DDR3L take ci, 7040 kuma DDR4. Intel na zubi na 12 ma yana iya tafiya da DDR4 ko DDR5, ya danganta da bod ɗin da aka ɗora shi. Sannan waɗannan 'yan ƙananan kwamfutocin tebur da ba su fi littafi girma ba, irin OptiPlex Micro da EliteDesk Mini, ram ɗin laftof suke ɗauka duk da a kan tebur suke zaune. Don haka cikakken sunan injin za ka nema, ka shiga shafin kamfanin ka ga gurbi nawa gare shi da iyakar abin da yake ɗauka. OptiPlex 3020, misali, gurbi biyu ne, iyakarta giga 16. Ko za ka zuba mata dukiyar duniya, nan ta tsaya.

Ko ba ka kwance komai ba, Windows 10 da 11 za su gaya maka da yawa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, shiga Performance, sannan Memory. A nan za ka ga yawan ram, saurinsa, da gurbi nawa ke cike cikin nawa. Akwai kuma wata 'yar manhaja ta kyauta, CPU-Z, wadda a sashenta na SPD take nuna abin da ke kowane gurbi dalla-dalla, har da kamfanin da ya ƙera. Ita ce ke tona asirin ram ɗin da aka liƙa wa takardar giga 8 alhali giga 4 ne, don haka in kana saye a Beirut Road a Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka ce a saka a inji a gwada a gabanka, kuma ku yi magana a kan canji tun kafin kuɗi su bar hannunka.

CPU-Z ɗin nan kuwa ta taɓa sa ni jin kunya. Na sayi mai saurin 1600, na zo na ga ta rubuta 800. Raina ya ɓaci, na koma shagon ina ɗaga murya cewa an cuce ni. Dattijon bai ce uffan ba sai da na gama. Ya ce, "Ɗan samari, zauna. Ninka lambar nan biyu." Ram ɗin DDR sau biyu yake aika saƙo a kowane bugu ɗaya, shi ya sa manhajar ke nuna rabin abin da ke jikin takarda. Na ba shi haƙuri a gaban yaransa, shi kuma ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Har yau a wurinsa nake saye.

Sai maganar sakawa. Kashe injin, zare wayar wuta daga bango ko daga UPS, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai. Wannan ba camfi ba ne, musamman a hunturu, lokacin da iska ta bushe har kana jin ƙas in ka taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar ta ishi ta kashe ƙwayar ram, kuma ba lallai ka gani nan take ba, sai bayan makonni injin ya fara tsayawa cak yana kawo shuɗin allo, alamar Windows ta faɗi. Riƙe ram ta gefe, kada yatsanka ya hau haƙoran. Buɗe 'yan kunnuwan, daidaita giɓin, ka danna gefe biyun da manyan yatsunka har ka ji ƙas, kunnuwan sun rufe da kansu. Yawancin "ram ɗin ya mutu" da ake kawo mini, gefe ɗaya ne bai gama shiga ba, ko ƙura ce ta cika gurbin. Busa iska da goge haƙoran a hankali da magogin fensir sun tayar da injina da dama.

In bod ɗinka gurbi huɗu gare shi kuma sanda biyu za ka saka, duba launi. Galibi masu launi ɗaya su ne abokan juna, kuma in ka haɗa su haka injin zai riƙa amfani da hanya biyu a lokaci guda. Saboda wannan ne giga 4 guda biyu kan ɗan fi giga 8 guda ɗaya kuzari, ballantana a injin da ba shi da katin hoto na daban. Sai dai a mai gurbi biyu, ni na fi son in sa 8 ɗaya in bar wa gobe wuri. Za ka iya haɗa masu sauri daban-daban, amma duka za su sauko su bi mai rauni. Kunnawar farko kuma kada ka firgita: wasu injinan Dell kan tsaya su ce yawan ram ya canja, ka danna F1 su wuce, masu DDR5 kuwa kan ɗan jima allo baƙi suna daidaita kansu.

Akwai wata matsala da ta ba ni wahala ba don ram ɗin ba. Na sa giga 8, Windows ta ce uku da ɗoriya kaɗai take iya amfani da su. Na cire na mayar, na canja gurbi, na zargi mai shago a zuciyata. Ashe Windows iri biyu ce, mai bit 32 da mai bit 64, kuma mai bit 32 ce a kai, ita kuwa ba ta wuce giga 4, a cikin huɗun ma sai an zaftare wani abu. Sai da na sake ɗora mai bit 64 sannan komai ya bayyana. Windows 11 ba ta da mai 32 sam, amma tsofaffin injinan da ke shagunanmu da yawa har yanzu suna ɗauke da ita. Shiga Settings, System, About, za ka gani.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na wata baiwar Allah mai shagon buga takardu. Ta ce injinta na nauyi, ni kuma ban duba komai ba na ce ram ne. Ta sayo, na saka, nauyi na nan yadda yake. Da na buɗe Task Manager sai na ga ram ko rabi bai cika ba, had dis kuwa yana kan 100 bisa 100 ba ya saukowa. Kuɗin da ta kashe da sun saya mata ƙaramin SSD, wanda shi ne maganin. Don haka ka buɗe duk abin da ka saba aiki da shi, Chrome da Word da CorelDRAW, sannan ka duba. In ram na haura 80 bisa 100, ƙari zai yi amfani. In dis ne ya cika, SSD za ka fara saya. Ga aikin rubutu da cike fom a intanet giga 8 sun wadatar, mai zane da haɗa bidiyo ya nemi 16. Giga 4 da Windows 11 ta ce shi ne mafi ƙaranci, tashi kawai zai yi.

Bayan ka saka, kada ka rufe akwatin ka ce an gama. Rubuta mdsched a wurin bincike na Windows, injin zai sake tashi ya gwada ram ɗin da kansa. In kana son gwaji mai zurfi, ɗora manhajar gwada ram mai suna MemTest86 a kan filashi, ka tayar da injin daga kansa, ka bar shi ya yi ta zagaye, a lokacin da kake da tabbacin wuta. Kuskure ko ɗaya ya nuna, cire sandunan ka gwada su ɗaya bayan ɗaya a gurbi guda, ka gano mai laifin, ka mayar wa mai shago tun wa'adin canjin da kuka yi bai wuce ba.