Ƙwaƙwalwa huɗu, ɗaya kaɗai ke aiki

Idan aka kawo mini kwamfuta mai Linux ana kukan ta yi nauyi, kafin komai sai in buga nproc, umarnin da ke nuna adadin ƙwaƙwalwa (core) na furosesa da Linux ke aiki da su. In furosesarta mai ƙwaƙwalwa huɗu ce amma amsa ta fito 1, to ukun suna kwance, ɗaya ke ta fama ita kaɗai.

Masu saurin hannu nan take za su ce a sake gina kenel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan kwamfutar. Ni ba na gaggawar haka. Kenel ɗin da Debian, Ubuntu da Fedora suke zuwa da shi an riga an kunna masa CONFIG_SMP, saitin da ke ba shi damar aiki da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, buga uname -a za ka ga SMP a layin. Sai wanda ya gina nasa da hannunsa ne zai shiga make menuconfig, ya je Processor type and features, ya kunna Symmetric multi-processing support. A nan kuma ya duba NR_CPUS, iyakar adadin ƙwaƙwalwa, don duk abin da ya haura adadin da ya rubuta kenel ba zai taɓa shi ba. Furosesar Intel mai Hyper-Threading kuwa kowace ƙwaƙwalwa biyu ake ƙirga ta, mai huɗu takwas ke nan.

Galibi matsalar ba a ginin take ba, a tashin kwamfutar take. Lokacin da ka danna makunni ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke farkawa. Ita ke loda kenel, kenel ya karanta wani jadawali mai suna MADT da BIOS ke miƙa masa ta hanyar ACPI, a ciki ne aka lissafa sauran, sannan ya aika musu saƙon tashi ta APIC ɗaya bayan ɗaya. To in wani ya rubuta acpi=off a GRUB, manhajar da ke tayar da kenel, ka ga an hana kenel ganin jadawalin ke nan, kuma a kwamfutoci da yawa da guda ɗaya zai tashi, bai ma san da sauran ba. Tsohuwar dabara ce ta zamanin da laftof ke maƙalewa wajen tashi, har yau kuma mutane na kwafo ta daga intanet ba su san abin da take kashewa ba. Na sha cin karo da ita a kwamfutocin gwanjo. Buga cat /proc/cmdline ka ga umarnin da aka tashi kenel da su: in ka ga acpi=off, ko nosmp, ko maxcpus=1, goge shi daga /etc/default/grub, ka yi update-grub (a Debian da Ubuntu), ka sake kunnawa. In duk babu, leƙa BIOS, wasu suna da wurin rage adadin.

Linux ya fara aiki da furosesa fiye da ɗaya tun fitowar 2.0 a 1996, amma da wani babban makulli da ke barin ɗaya kawai ta shiga kenel a lokaci guda, kamar rijiya mai guga ɗaya, mutum huɗu a bakinta. Sai a 2011, a 2.6.39, aka gama cire shi.

Kada dai ka sa ran gudu ninki huɗu. Manhajar da aka rubuta don ƙwaƙwalwa ɗaya a ɗaya za ta zauna, komai yawansu. Inda za ka ga bambanci shi ne irin gina manhaja da make -j4, duka huɗun su kama aiki tare. Kafin ka gwada wannan a zafin Afrilu, buɗe murfin ka hure ƙurar da hunturu ya tara a fanka, in ba haka ba furosesar da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone.