Talata, zafi da karatun tsirrai

Yau kam rana ta dake mu a Maradi, tun goma na sahe iska kamar daga bakin murhu, ga kuran an ɗauke, ɗaki ya ƙi zaunuwa sai na ɗau kaye na na SVT, darasin kimiyyar rayuwa da ƙasa, na tahi garkar Baba can bakin gulbi, ko banza akwai inuwar mangwaro. Darasin da mushe, malaminmu, ya ba mu shi ne yadda tsirrai suka baro ruwa suka hau tudu, wajen shekara miliyan 470 da suka wuce, kakanninsu irin gansakukar nan ce kore ta ruwan tabki. Ni dai yadda na gane shi, duk labarin na ƙishirwa ne.

Cikin abubuwan farko da suka samu akwai wani kaki saman ganye mai hana ruwa tsira. Na tsinko ganyen tumfafiya na murza, wannan farin toka-tokan ya manne mini ga yatsa, na ɗiga mai ruwa ya gangare bai jiƙa ba ko kaɗan. To amma in ka toshe ko'ina ta ina iska za ta shiga? Sai ƙananan ƙofofi a jikin ganye, sitomat, suna buɗewa suna ruhewa. Gero da dawa sun fi kowa wayo nan wurin, hanyarsu ta haɗa abinci da ake ce ma C4 ba ta bukatar su wangale ƙofofin sosai, shi ya sa gero ke tsaye cikin jigawa inda shinkafa ko kwana uku ba ta yi.

Jijiyoyin jan ruwa sun zo daga baya, wajen miliyan 430, su suka ba icce tsawo da tauri, wannan ban daɗe kanshi ba don na riga na hardace.

Iri ne ya tsaida ni. Gansakukar gindin randa har gobe sai da laima take haihuwa, ƙwayar namijin iyo take yi ta iske ta macen. Masu iri kuwa sun raba gari da wannan wahala tun wajen miliyan 360, iska ko ƙwaro ke kai garin hure, kuma ɗan tsiron na kwance cikin ɓawo da guzurinshi yana jira. Ina karanta ma Baba, yana gyaran kwalbatin ban ruwa ko ɗagowa bai yi ba, ya ce "kai ɗan nan, ai binne kenan, mu da muke zuba gero cikin busasshen rairai mu bar shi sati biyu kahin ruwa ya sauka." Ya kuma tambaye ni mi ya sa gawo ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. Na ce saiwarshi ce ke nutsawa har ta taɓa ruwan ƙasa, ya ce wannan rabin amsa ce, ka tambayo mushen naku sauran.

Na dawo gida bayan la'asar da albasa cikin leda, kuran bai dawo ba har yanzu, waya saura 9%, gobe kuma akwai intero, ƙaramar jarabawa, ƙarhe takwas.