Na je Knossos neman dodon Sarki Minos, na tarar da siminti

Dodo ɗaya ne ya kai ni tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Ba Zeus, babban abin bautarsu, ba, duk da Girkawan da sun ce a wani kogo na tsibirin aka ɓoye shi yana jariri don kada ubansa Kronos ya haɗiye shi. Minotaur na je nema, mai jikin mutum da kan bijimi, da gidan nan nasa mai lunguna da ake kira Labirint, wanda wai in ka shiga ba ka fita. Na san tatsuniya ce, ban je don in ga ƙasusuwansa ba. Amma na sa rai zan taka wurin da ya haifi labarin, in gan shi yadda ƙasa ta adana shi. Har yau in aka ambaci Knossos, kufan tsohuwar fadar da ake danganta labarin da ita, sai raina ya sosu.

Ga wanda ya manta labarin: Poseidon, abin bautarsu na teku, ya fito wa Sarki Minos da farin bijimi daga ruwa don ya yanka masa. Minos ya ga kyan dabbar, ya yi rowa, ya yanka wani. Hukuncin ya faɗa kan matarsa Pasiphae, ta haifi wannan halitta. Gwanin magini Daedalus ya gina Labirint aka kulle dodon a ciki, birnin Atina kuma yana aiko samari 7 da 'yan mata 7 a ba shi ya cinye. Plutarch, marubucin Girka na zamanin da, ya ce duk shekara 9 ne, wasu suka ce duk shekara. Ana haka har Theseus, jarumin Atina, ya zo, Ariadne 'yar sarki ta ba shi dunƙulen zare, ya ɗaura bakinsa a ƙofa, ya kashe dodon, ya biyo zaren ya fito.

Jirgin ruwan dare daga Piraeus, tashar jiragen ruwa ta Atina, ya sauke mu a Heraklion, babban birnin Kirit, da asuba. Knossos na kudu da garin, kamar kilomita 5, bas mai lamba 2 na kai mutum har ƙofa. Ɗoki ya sa na wuce can kai tsaye, na bar gidan tarihi na cikin gari sai da yamma, alhali a daren nan jirgi zai mayar da ni. Wannan tsarin shi ya ci ni.

Da shigarka, mutum-mutumin wani Bature ne zai tarbe ka: Arthur Evans, ɗan Ingila, wanda ya sayi filin ya fara tono a 1900. Wani ɗan tsibirin, Minos Kalokairinos, ya riga shi huda wurin tun 1878, amma sunan Evans ne ya fita. Shi ne ma ya laƙaba wa mutanen da suka gina fadar sunan sarkin tatsuniya. Na bi ayari ina kallon jajayen ginshiƙan nan masu faɗin kai da siririn gindi da ake gani a hotuna, zuciyata fari fat. Sai na matsa kusa da wani abu da na ɗauka azarar katako ce a saman ƙofa. Siminti ne aka shafa wa fenti launin itace. Ginshiƙan ma haka. Na asalin itace ne, sun ƙone ko sun ruɓe dubban shekaru da suka wuce, waɗannan kuwa Evans ne ya sa aka zuba su da kankare da rodi, akasari a shekarun 1920. Zane-zanen da ke jikin bango kwafi ne, na gaskiyar suna gidan tarihin da na bari a baya.

Mai yi mana jagora bai taimaka ba. Ya kai mu bakin wani ɗan ɗaki, ya nuna wata kujerar dutse mai dogon baya, ya ce ga karagar Minos. Kujerar ta gaskiya ce, a nan aka tono ta a makonnin farko na aikin, kuma ganinta ya girgiza ni. Sai dai babu wani rubutu da ya ce ta Minos ce, masana da yawa ma na ganin wurin zaman wata mace ce mai jagorantar bauta. Shi kuwa ya haɗa tatsuniya da abin da aka tono da abin da Evans ya ƙaga, ya dama mana su wuri guda, mu kuma muna ta ɗaukar hoto a cikin rana.

Ba zan zalunci Evans ba. Fadar bene ce hawa-hawa, itacen da ya tallabe ta ya tafi, dutsen da aka yi daɓe da shi kuma ruwan sama na cinye shi. Da bai tokare babbar matakalar benen ba, da ta rufta. Amma tokarewa daban, ƙara ɗaki da fenti daban. Shi ya wuce gona da iri, baƙo kuma ba shi da hanyar rabe tsoho da sabo sai in ya zo da saninsa.

Labirint fa? Babu shi. Abin da ke akwai fada ce da aka fara ginawa wajen shekara ta 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka sake gina ta wajen 1700, mai ɗakuna fiye da 1,000 kewaye da wani babban fili. A yamma akwai dogayen rumbuna jere da juna, da tuluna manya-manya na mai da hatsi. In ka tsaya ka dubi tushen gine-ginen yadda suka sarƙe, za ka fahimci abin da zai sa Bagirken da ya zo bayan ƙarnuka ya ga kufai ya ce ai nan gidan ɓata ne. Wannan kallon shi ne ribar da na samu a wurin, kuma rabin sa'a ya isa. Ni na ɓata yini.

Da na isa gidan tarihin Heraklion, lokaci ya riga ya ƙure, ƙafafuna sun yi nauyi. A nan ne kuma bijimin yake. Akwai wani kan bijimi na baƙin dutse da aka samo a wata ƙaramar fada da ke Knossos, an yi masa ido da dutse mai haske kamar gilashi, da farin layi zagaye da hanci. Mazubi ne na bauta, ana ɗura masa ruwa ta wuya ya fita ta baki. Wanda ya sassaƙa shi ya san shanu, har murɗaɗɗen gashin goshi bai bari ba. Sai zanen tsallake bijimi, wanda tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Mutum ɗaya ya riƙe ƙahonni, wani ya yi alkafura a gadon bayan dabbar, na uku na tsaye a baya ya miƙa hannuwa. Nan take na tuna hawan ƙaho na mahautanmu, yadda matashi ke tarar sa gaba da gaba ya rungume kansa jama'a na sowa. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho ya san ba kullum ake tashi lafiya ba, kuma ba zai yi mamaki ba in labarin bijimin da ke halaka samari a Knossos ya yi ta yawo a bakin mutane har ya zama dodo. Wannan fahimtata ce, amma a gaban zanen nan na same ta, ba a cikin kufan ba.

A gidan tarihin ne kuma ido ke koyon rabewa. In ka matsa kusa da kowane zane, za ka ga gutsattsarin asali sun yi duhu, sun yi tudu, sauran kuwa sumul yake, aikin masu gyara ne irin su Émile Gilliéron da ɗansa. Wani shahararren zane na saurayi mai hular furanni daga 'yan gutsattsari aka harhaɗa shi, fuskarsa sabuwa ce gaba ɗaya, akwai ma masanan da ke cewa hular ba tasa ba ce. Da na fara da nan da safe, da na shiga Knossos da ido biyu. Ina tsaye wajen tsabar kuɗin birnin, waɗanda aka buga ƙarnuka da yawa bayan faɗuwar fadar, wasu da hoton Minotaur, wasu da zanen Labirint, aka fara sallamar mutane. Ɗakuna da yawa wucewa kawai na yi.

Daga baya na karanta abubuwa biyu da suka ƙara mini takaicin gaggawar nan. Homer, tsohon mawaƙin Girka, wanda ya zo ɗaruruwan shekaru bayan fadar ta zama kufai, ya ambaci filin rawa da Daedalus ya yi wa Ariadne a Knossos, amma bai ambaci dodo ko gidan ɓata ba. Sannan bayan Michael Ventris ya warware tsohon rubutun da ake kira Linear B a 1952, an karanta wani allon yumɓu daga Knossos ɗin mai lissafin hadaya: tulun zuma ɗaya ga dukkan alloli, tulun zuma ɗaya ga uwargijiyar Labirint. Ke nan masu zama a fadar sun san sunan, kuma wata abar bautarsu mace suke kai wa zuma a kansa.

In Allah ya kai ka, ka kwana a Heraklion, kada ka haɗa komai da jirgin dare. Ka ba gidan tarihin safiya cikakkiya, ka daɗe a wajen zane-zanen da kan bijimin. Knossos ka je washegari da an buɗe ƙofa, kafin rana da manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, da ruwa da hula, don inuwa kaɗan ce. In za ka ɗauki mai jagora, ka gaya masa tun a ƙofa cewa a kowane ɗaki kana son ya nuna maka inda dutsen asali ya tsaya da inda simintin Evans ya fara.